Fim ya tara dala miliyan 700, me ya sa ake cewa ya faɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai bibiyar manyan fina-finan Amurka ne, musamman masu zuwa kashi-kashi. Na ga an rubuta cewa Fast X ya tara sama da dala miliyan 700, amma kuma a wuri guda ana cewa bai mayar da kuɗinsa ba. Ta yaya hakan zai yiwu? Na biyu, tun fim bai fito ba sai ka ji an ce zai samu kaza a makon farko. Da me suke gane wannan? Na ƙarshe, a ganinka sabon Avengers da ake jira zai kamo Avengers: Endgame na 2019 a ciniki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayoyin naka uku ne, amma bakinsu ɗaya, don haka bari mu fara daga kuɗin kansa.

Adadin da kake gani ana yayatawa ciniki ne, kuɗin da 'yan kallo suka miƙa a bakin ƙofar sinima tun ba a raba shi ba. Duk wanda ya taɓa zama a shago ya san ciniki daban, riba daban. Masu gidajen sinima suna da kasonsu, tunda su ke biyan haya da wuta da ma'aikata. A Amurka da Kanada, waɗanda a wannan sana'a ake haɗa su a kira su kasuwar gida, kamfanin da ya yi fim yana karɓar rabi ne ko sama da rabi kaɗan, babban fim ya kan kai kashi 60 cikin 100. A yawancin sauran ƙasashe abin da ke komawa hannunsa bai cika wuce kashi 40 ba. A China kuwa, fim ɗin waje da aka shigar bisa tsarin rabon ciniki kashi 25 kawai yake samu. Ka ga ke nan dala ɗaya a Los Angeles ta fi dala biyu a Beijing amfani ga mai fim.

Yanzu ɗauki Fast X na 2023 mu auna shi da wannan ma'auni. Cikin miliyan 700 da ɗoriya, kusan miliyan 146 ne suka fito daga kasuwar gida, kusan miliyan 140 daga China, ragowar sama da miliyan 400 daga sauran duniya. Ka ba kamfanin Universal kashi 55 na kuɗin gida, ya tashi da wajen miliyan 80. Rubu'in na China miliyan 35. Kashi 40 na sauran duniya wajen miliyan 170. Ka haɗa, ba ka kai miliyan 300 ba. To kuɗin da aka ruwaito an kashe wajen yin fim ɗin ya kai miliyan 340. Wani ɓangare na tsadar ya samo asali ne daga ajiye aikin da darakta Justin Lin ya yi kwanaki kaɗan da fara ɗauka a 2022, aka zauna ana biyan ma'aikata har aka kawo Louis Leterrier ya karɓa. Kuma wannan miliyan 340 ba ta haɗa da kuɗin talla ba, wanda ga fim mai wannan girma ya kan haura miliyan 100. Wanda ya ce maka Fast X bai mayar da uwar kuɗinsa a sinima ba, gaskiya ya faɗa maka.

Daga irin wannan lissafi ne masu sana'ar suka fitar da wata ƙa'ida ta kan hanya: fim yana buƙatar cinikin da ya ninka kuɗin yinsa sau biyu da rabi kafin a ce ya tsira. Ba doka ce da aka rubuta ba, kuma tana sauyawa gwargwadon inda kuɗin ya fito, amma tana aiki sau da yawa. Da ita za ka gane dalilin da ya sa Indiana Jones na 2023, da ya samu miliyan 384 bayan an kashe masa kusan miliyan 300, ya zama asara mai nauyi ga Disney, alhali Joker na 2019, da kuɗin yinsa bai kai miliyan 100 ba, ya haura biliyan 1 ba tare da an haska shi a China ba. Darakta James Cameron da bakinsa ya ce kafin fim ɗinsa Avatar na biyu ya mayar da kuɗinsa sai ya shiga sahun fim na uku ko na huɗu da ya fi kowanne ciniki a tarihi. Ya kuwa shiga, ya tara kusan biliyan 2.3.

Sai dai kar ka ɗauka rayuwar fim a sinima take ƙarewa. Bayan an sauke shi akwai haya da saye ta intanet, akwai dandalin kallo na biyan wata-wata, akwai gidajen talabijin, da jiragen sama, da kayan wasan yara, da wuraren shaƙatawa. Fim ɗin yara na Cars bai kai miliyan 500 a sinima ba a 2006, amma kayan wasa da tufafi masu hotonsa sun kawo cinikin biliyoyin daloli. Shi ya sa kamfani zai iya ci gaba da jerin fim ɗin da kai kake ganin ya gaji. Akwai kuma wani abu da ke ɓata mini rai a wannan sana'a, wato yadda ake murɗa littafin lissafi don kada a biya marubuta da 'yan wasa kason ribar da aka yi musu alkawari. A 2010 wata takardar lissafi ta fita da ke nuna wai Harry Potter na biyar, wanda ya tara kusan miliyan 940, yana cikin asarar miliyan 167. Kamfani yana cajin kansa kuɗin rarrabawa da ruwan bashi, sai riba ta ɓace a takarda. Don haka idan ka ji kalmar "asara", tambayi a wane littafi aka rubuta ta.

Mu koma kan hasashe. Ba duba ba ne, ba kuma tsafi ba. Kimanin mako uku kafin fim ya fito, kamfanonin bincike irin su National Research Group suna yi wa jama'a tambayoyi a Amurka: ka san da fim ɗin? Lallai kana son ganinsa? Cikin duk waɗanda za su fito, shi ne zaɓinka na farko? Suna raba amsoshin gida huɗu, maza da mata, 'yan ƙasa da shekara 25 da na sama da haka. Fim ɗin da ya kama gidajen nan huɗu shi ake sa ran zai yi babbar kasuwa. Sai a ɗauko tsofaffin fina-finai masu kama da shi da suka samu irin wannan amsa, a duba nawa suka buɗe da shi, wato abin da suka samu a ƙarshen makon farko. Bayan haka a kalli tikitin da aka saya tun kafin ranar fita a shafukan sayar da tikiti kamar Fandango. Daren Alhamis ake fara haskawa, safiyar Juma'a an san abin da aka samu a daren. Zuwa yammacin Juma'a hasashen ya kusa zama tabbas, ranar Lahadi kamfanoni su fitar da ƙiyasi, Litinin a fitar da ainihin adadi.

Wannan tsari ya fi iya gane fim ɗin masoya na gani-kashe-ni, masu sayen tikiti da wuri. Inda yake yawan kuskure shi ne fim ɗin iyali da na matasa, domin uwa mai 'ya'ya uku ba ta sayen tikiti tun saura mako biyu, ranar Asabar take yanke shawara. Inside Out 2 a 2024 an yi masa zaton abin da bai kai miliyan 100 ba a ƙarshen makon farko a kasuwar gida, ya buɗe da miliyan 154, ya ƙare da kusan biliyan 1.7 a duniya. Fim ɗin Minecraft a 2025 ya buɗe da sama da miliyan 160, kusan ninki biyu na abin da aka zata. Kuskuren yana zuwa ta ɗaya gefen ma: Joker na biyu an fara yi masa hasashe mai kyau, hasashen ya yi ta zamewa har ya buɗe da ƙasa da miliyan 40.

Ga abin da na fi so ka riƙe cikin duk wannan bayani, domin shekarun da na yi ina bin waɗannan alƙaluma shi suka koya mini. A jerin fina-finai, makon farko ladan fim ɗin da ya gabata ne. Mako na biyu shi ne na wanda ke kan allo.

Mutumin da ya cika sinima a daren farko bai ga fim ɗin ba tukuna. Abin da ya kawo shi tunanin daɗin da ya ji a na baya ne, da talla, da sunan da ya sani. Hukuncin sabon fim yana fara fitowa ne bayan wannan mutum ya koma gida ya gaya wa abokinsa "je ka gani" ko "bar kuɗinka". Shi ya sa masu sana'ar suka fi zuba ido kan yawan raguwar ciniki daga ƙarshen mako na farko zuwa na biyu. Ga babban fim, raguwar kashi 50 zuwa 60 ba abin tada hankali ba ce. Ta haura 65, akwai magana. Batman v Superman a 2016 ya buɗe da miliyan 166 a gida, sunayen jaruman biyu kaɗai suka isa su cika kujeru. Mako na biyu ya rikito da kashi 69, ya ƙare da miliyan 330, wato ninki biyu kacal na abin da ya buɗe da shi. Bashin da ya ci bai tsaya a kansa ba. Justice League da ya biyo baya a 2017, wanda ya kamata ya fi shi girma tunda ya tara jarumai da yawa, bai kai miliyan 100 a buɗewa ba, ya tsaya a miliyan 658 a duniya. 'Yan kallo sun rama ne a kan ƙane abin da wa ya yi musu.

Star Wars ma haka. The Force Awakens a 2015 ya tara biliyan 2.07, mutane suka fita suna murna. Wannan murna ce ta buɗe The Last Jedi da miliyan 220 a 2017. Fim ɗin ya raba kan masoya, mako na biyu ya ragu da kashi 67, ya ƙare da biliyan 1.33. Wata biyar bayan haka Solo ya fito ya tsaya a miliyan 393, karo na farko da aka ji fim mai sunan Star Wars ya jawo asara. Na ƙarshen jerin ukun da The Force Awakens ya fara, wanda ya fito a 2019, ya samu biliyan 1.07, kusan rabin na farko. Joker na biyu shi ne misali mafi zafi: na farko ya haura biliyan 1, na biyu ya ragu da kashi 81 a mako na biyu, ya ƙare da abin da bai wuce miliyan 210 ba.

Abin yana juyawa ta alheri, kuma a nan ne na fi jin daɗin bin alƙaluma. John Wick na farko a 2014 bai kai miliyan 90 ba. Mutane suka gan shi a gida, suka yaba, suka yaɗa. Na biyu ya samu sama da miliyan 170, na uku sama da miliyan 320, na huɗu miliyan 440. Kowane kashi ya bar wa na bayansa gado mai kyau. Batman Begins a 2005 bai kai miliyan 400 ba, amma ya dawo wa sunan Batman da mutuncinsa, The Dark Knight ya zo a 2008 ya haura biliyan 1. Dune ya tashi daga wajen miliyan 400 a 2021 zuwa sama da miliyan 700 a 2024. Idan za ka yi hasashen kashi na gaba a kowane jeri, kafin ka tambayi nawa na baya ya samu, tambayi da wace fuska mutane suka fito daga kallonsa.

Akwai ma'aunin wannan fuska. Wani kamfani a Las Vegas mai suna CinemaScore, tun ƙarshen shekarun 1970, yana tare 'yan kallo a daren farko a wasu biranen Amurka ya ba su kati su ba fim maki daga A+ zuwa F. Da yake masoya ne ke zuwa daren farko, makinsu ya kan yi sama. Saboda haka babban fim ɗin jarumai da ya samu B ya riga ya shiga matsala, duk da B a makaranta ba faɗuwa ba ce. Batman v Superman B ya samu. Joker na biyu D. Top Gun: Maverick kuwa A+, kuma ka ga abin da ya biyo baya: ya buɗe da kusan miliyan 127 a 2022, mako na biyu ya ragu da kashi 29 kawai, ya ƙare da miliyan 718 a gida, kusan biliyan 1.5 a duniya. Masu sana'ar suna cewa irin wannan fim yana da ƙafafu, wato yana iya doguwar tafiya. Ana auna ƙafafun ne da raba jimillar cinikin gida da na buɗewa. Ninki biyu gurgu ne, ninki uku lafiyayye, abin da ya haura biyar kuwa ba kullum ake ganinsa ba. Titanic ya buɗe da ƙasa da miliyan 30 a 1997, ya zauna a matsayi na ɗaya mako 15 a jere. Ni a wurina makin 'yan kallo ya fi na masu sharhi faɗin gaskiya game da kuɗi, domin masu sharhi ba su ke sayen tikiti karo na biyu ba.

Ƙa'idar tana da inda take buƙatar gyara, kuma The Marvels ne ya nuna wurin. Captain Marvel ya tara biliyan 1.13 a 2019, na biyunsa, wato The Marvels, a 2023 ya tsaya a miliyan 206. Wanda ya kalli adadi kawai zai rasa amsa. Amma Captain Marvel ya fito ne a Maris, saura mako bakwai Endgame ya fito, kowa na ganin dole ya kalle shi don kada wani abu ya wuce shi. Wani kaso na cinikinsa aron hasken Endgame ne. A 2023 babu wannan haske, an cika mutane da shirye-shiryen kamfanin Marvel a dandalin kallo na Disney+ har sai ka kalli biyu ko uku kafin ka san jaruman sabon fim, ga kuma yajin aikin 'yan wasa da ya hana su fita talla har zuwa jajibirin fitowarsa. Dole mai hasashe ya tambayi kansa ko cinikin na baya nasa ne na kansa ko na maƙwabci.

Lokacin fita ma yana da nasa hukunci. A Amurka bazara da hutun ƙarshen shekara su ne kakar sinima. Sau da yawa fim ɗin Disamba ba ya buɗewa da ƙarfi sosai saboda mutane na hidimar biki, amma daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara kowace rana kamar Asabar take. Avatar na biyu ya buɗe da miliyan 134, wasu suka fara cewa ya gaza, ya je ya ninka wannan sau biyar. Kowace ƙasa da kakarta: Indiya tana da Diwali da ƙaramar Sallah, China tana da sabuwar shekararta, wadda a cikinta Ne Zha 2 ya fito a 2025 ya haura dala biliyan 2, kusan duka daga cikin China. Sannan akwai rigimar manyan alluna. Tikitin IMAX ya fi na kullum tsada, kuma allunan ƙalilan ne. Mission: Impossible na 2023 ya samu yabo sosai, amma kwana tara da fitowarsa Oppenheimer ya karɓe allunan IMAX, Barbie ya kwashe sauran jama'a, ya ƙare da wajen miliyan 570. Fim mai kyau ne da aka ajiye a mummunar rana.

Tsadar tikiti ta sa kwatanta zamani da zamani yana da wuya. Adadin dala yana hawa, adadin mutane yana sauka. Yawan tikitin da ake sayarwa a Amurka ya kai ƙololuwa tun 2002. Cinikin gida ya kai kusan biliyan 11.9 a 2018, bayan korona kuwa 2023 da 2024 duk a wajen biliyan 9 ko ƙasa da haka suka tsaya, duk da tikiti ya ƙara kuɗi. Kafin korona fim ya kan yi kusan kwana 90 a sinima kafin ya iso gida, yanzu kwana 45 ne ko ƙasa. Mutane sun koyi jira. Wanda aka fi cutarwa shi ne fim matsakaici, wanda ba shi da laifi amma ba dole ba ne a gan shi yau.

Canjin kuɗi ma yana ciki, kuma wannan mu mun san zafinsa. Tikitin da aka saya a Legas ko Abuja da naira ake biya, sai an mayar da shi dala kafin ya shiga jimillar duniya. Da naira ta faɗi a 2023, kujera ɗaya da mutum ɗaya suka koma kawo dala kaɗan. Haka abin yake ga kuɗin Japan ko na Turai duk lokacin da dala ta yi ƙarfi. Kasuwarmu ƙarama ce ƙwarai a wannan lissafi. A Tribe Called Judah na Funke Akindele shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a sinima, a farkon 2024, abin alfahari ne sosai, amma a dala bai wuce miliyan 1 da 'yan kai ba a lokacin. Mu a Arewa kuwa yawancinmu a waya muke kallo, daga shagon masu turawa, sau da yawa da fassarar Hausa. Son da muke yi wa jerin Fast ko manyan fina-finan Indiya gaskiya ne, amma ba ya shiga kowane littafin ciniki, shi ya sa babu mai lissafi da mu idan ana yanke shawarar yin kashi na gaba.

To, Avengers. An tsayar da sabon, mai suna Doomsday, a ranar 18 ga Disamba 2026, 'yan'uwan nan biyu Russo da suka yi Infinity War da Endgame sun dawo, Robert Downey Jr., wanda a da ya fito a matsayin Iron Man, shi ma ya dawo, wannan karon a matsayin mugu, Doctor Doom. Amsata ita ce ba na ganin zai kamo Endgame, kuma ga dalilina.

Endgame ya buɗe da biliyan 1.2 a duniya cikin kwana biyar, miliyan 357 a gida kaɗai, ya ƙare da kusan biliyan 2.8. Amma duba abin da ke bayansa: fina-finai 21 cikin shekara 11, ciki har da Infinity War, Avengers ɗin da ya gabace shi, da ya ƙare a inda rabin jarumai suka zama toka, aka bar duniya shekara guda tana jiran amsa. Ba a taɓa tara lada irin wannan wa fim ɗaya ba. Doomsday kuwa me zai gada? Fina-finan Marvel uku na 2025: Captain America na huɗu da wajen miliyan 415, Thunderbolts da ƙasa da miliyan 400, Fantastic Four da sama da miliyan 500 kaɗan. Biyun ƙarshe sun samu yabo, wanda alama ce mai kyau, amma jama'a ba su fito ba kamar da.

Sai taswirar duniya da ta canja. Cikin kuɗin Endgame kusan miliyan 630 daga China suka fito. Daga tsakiyar 2019 zuwa farkon 2023 ba a bar wani sabon fim ɗin Marvel ya shiga China ba, da aka dawo kuma 'yan kallon can sun riga sun koma kan nasu na gida. Rasha, wadda babbar kasuwa ce a da, kamfanonin Amurka sun janye daga cikinta tun 2022. Waɗannan biyun kaɗai sun zaftare ɗaruruwan miliyoyi tun ba a haska minti ɗaya ba.

Wannan ba yana nufin zai faɗi ba. Fina-finan da ya kamata a auna shi da su biyu ne. Spider-Man: No Way Home ya fito a Disamba 2021, ya dawo da tsofaffin jaruman da mutane ke kewa, ya buɗe da miliyan 260 a gida, ya tara biliyan 1.9 ba tare da China ba. Deadpool & Wolverine ya dawo da Hugh Jackman a 2024, ya buɗe da miliyan 211, ya tara biliyan 1.33. Duka biyun sun nuna cewa mutanen da suka daina zuwa kowane fim ɗin Marvel suna dawowa idan aka kira su da fuskar da suka sani. Doomsday da wannan makami zai fito, ga kuma hutun Disamba da zai ƙara masa ƙafafu. Abin da zai iya rage masa shi ne Dune na uku da aka sa a rana ɗaya da shi a jadawali, domin idan ba wanda ya matsa, za su yi rabon manyan alluna.

Hasashena, kuma ra'ayina ne na kaina, tsakanin biliyan 1.4 da biliyan 1.8. Idan ya samu A ko A+ a daren farko zai kusanci na saman, yana ma iya taɓa biliyan 2. Idan ya samu B+ zai tsaya kusa da na ƙasan, kuma da irin kuɗin da ake kashewa wajen tara jarumai masu yawa haka, wannan adadi ba zai ba Disney sukuni sosai ba. Asarar da ta fi wannan kuma za ta faɗa ne a kan Avengers na gaba, Secret Wars, da aka tsara zai biyo bayansa a Disamba 2027, tunda shi ne zai buɗe da duk abin da Doomsday ya bari a zukatan mutane.

Idan lokacin ya zo, kar labarin ranar Lahadi ta farko ya ɗauke maka hankali, domin zai yi girma ko fim ɗin ya yi kyau ko bai yi ba. Nemi makin 'yan kallo da safiyar Asabar, sannan ka duba nawa ne ya fito daga gida, nawa daga China. Ƙarshen mako na biyu zai faɗo ne a kan Kirsimeti, wanda ya kan rage faɗuwar kowane fim, don haka a wannan karon ka jira har makon farko na Janairu, bayan an koma makaranta da aiki, ka ga ko har yanzu ana cika kujeru.